Ba Jirgi Ne Maganin Ba: Martani Ga Mai Tura Ma'aurata Waje Neman Haihuwa

Rubutun da ya fito a wannan fili makon jiya a kan rashin haihuwa ya yi farin jini, kuma na ga dalili. Malam marubuci ya taɓo ciwon da ke cin gidaje da yawa a ɓoye, ya kuma yi wa masu cewa dashen ciki rashin tawakkali ne wankin babban bargo. A nan ba ni da ja. Inda muka raba hanya shi ne shawarar da ya ɗora a ƙarshe, wai duk ma'auratan da suka shekara uku ko huɗu shiru, in dai suna da fili ko gwal ko motar sayarwa, kada su tsaya ɓata lokaci a hannun likitocin gida, su nemi biza su nufi Masar ko Indiya ko Turkiyya, mai ƙarfi kuma ya wuce Turai. Hujjojinsa dai su ne can aka fi ƙwarewa, can aka fi riƙon amana, kuma tafiya ɗaya ta wadatar. Ta ƙarshen nan ta fi tayar mini da hankali, domin ita mutane za su riƙe, kuma ita ce ta fi nisa da gaskiya.

Malam ya ɗauki dashen ciki, wanda likitoci ke kira IVF, tamkar aikin sauya gwiwa: a shiga ɗakin tiyata sau ɗaya, a yi jinya, a dawo gida. Ba haka abin yake ba. Ana yi wa mace allurai na kwana 10 zuwa 12 domin ƙwayayenta su nuna da yawa a wata guda, maimakon guda ɗayan da aka saba. A tsakanin nan duk bayan kwana biyu ko uku sai an ɗauki hoton mara an auna jini, a ƙara allura ko a rage. In sun ƙosa a yi mata allurar ƙarshe, bayan kimanin awa 36 a zuƙo su, a haɗa da maniyyin miji a ɗakin gwaji. Ba duk ƙwan da aka zuƙo ke haɗuwa ba. Ba duk wanda ya haɗu ke kaiwa kwana na uku ko na biyar da ake mayar da shi mahaifa ba. Wanda aka mayar ɗin ma ba lallai ya kama ba, wanda ya kama kuma ana iya ɓarinsa. A kowace gaɓa ana zubarwa.

Birtaniya ce ta fara wannan aiki, can aka haifi jaririya ta farko ta wannan hanya a garin Oldham ranar 25 ga Yuli 1978, a hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards. Suna da hukuma mai suna HFEA da ke tattara sakamakon kowace cibiya ta wallafa. Alƙalumanta na nuna cewa mace 'yar ƙasa da shekara 35, da ƙwanta, kusan sau 1 cikin 3 ne dashen ke kaiwa ga haihuwa. Wato a ƙasar da ta ƙirƙiro abin, a kuma shekarun da suka fi dacewa, wadda ta gwada ba ta dace ba ta fi wadda ta dace yawa. Shi ya sa ƙa'idar lafiyarsu ta ba da shawarar a yi wa 'yar ƙasa da shekara 40 har zagaye uku cikakku. Magani ne da ake cin nasararsa da maimaici. To yaya mutumin da ya sayar da filinsa ɗaya tilo don tafiya ɗaya zai maimaita?

A zauna a yi lissafin da Malam bai yi ba. Mai fita waje ba kuɗin asibiti kaɗai zai biya ba. Akwai tikitin mutum biyu, wani lokaci uku in an tafi da mai jinya, ga biza, ga hayar masauki na mako uku zuwa wata guda, ga abinci da mota da tafinta, ga kasuwar da aka rufe ko aikin da aka bari. Dukansu da dala ake biya. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a farkon 2024 ta haura 1,400. Kuɗin da ke tafiya a hidimar hanya kaɗai, ba a taɓa allura ko ɗaya ba, da a gida ne sai ya yi nisa wajen biyan wani zagayen. Mai ƙaramin ƙarfi da ya bi shawarar Malam ya mayar da damarsa biyu ko uku ta koma guda.

Na san amsar da za a ba ni: ai ga wance ta je Alƙahira ta dawo da tagwaye, ga wane sun je Delhi an yi suna da raguna biyu. Malam ma da irin waɗannan ya cika rubutunsa. Ban ƙaryata ko ɗaya ba, Allah Ya raya. Sai dai wa ke ƙirga waɗanda suka dawo hannu rabbana? Ba wanda ya san sun je, balle ya san sun dawo. Da za su tafi cewa suka yi Umara za su, ko Hajiya za ta ga likitan ido, ko Alhaji zai sari kaya a Dubai. Suka dawo suka raba tsaraba suka ja bakinsu. Mai nasara ke da taron suna da hotuna, su kuma dillalai, waɗanda ke karɓar kamasho a kan kowane mara lafiya da suka kai, hotunan jarirai suke turawa a WhatsApp, ba na matar da ta kwana tana kuka a ɗakin otal ba. Labarin da ke yawo a gari rabinsa ne.

Batun ƙwarewa kuwa, da Malam ya waiwaya da ya ga ba jiya aka fara ba. Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie sun yi wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tun cikin shekarun 1980, aka kuma samu haihuwa a 1989, shekara biyu kacal bayan Masar ta samu tata ta farko a 1987. Dokta Ibrahim Wada ya yi nasa a asibitin Nisa da ke Abuja a 1998. Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ya buɗe nasa sashen a 2006, asibitocin koyarwa na Benin da Ilori ma suna yi, ban da cibiyoyi masu zaman kansu. Allurai da ruwan renon ƙwai da na'urorin ɗakin gwaji daga kamfanonin waje ake sayo su, kamar yadda na Alƙahira da Mumbai ke sayowa. Akwai cibiya mai kyau da mara kyau a nan, akwai su a can. Bambancin tsakanin cibiya da cibiya yake, ba tsakanin ƙasa da ƙasa ba.

Abin da ya fi komai tasiri kuwa ba sunan asibiti ba ne, shekarun mace ne, kuma babu jirgin da ke rage su. Mace da iyakar ƙwayayenta ake haihuwarta, suna raguwa suna kuma raunana, daga shekara 35 abin ya ƙara sauri. Waɗannan alƙaluma na Birtaniya sun nuna cewa daga shekara 43 zuwa sama, da ƙwan matar kanta, nasara ba ta wuce 1 cikin 20. Saboda haka shawarar a jira shekara uku ko huɗu sannan a fara tara kuɗin tafiya, tarin da kan ci wasu shekarun biyu, ita kanta cutarwa ce. Ƙa'idar likitoci shekara ɗaya ce ana tare ba ciki sai a je asibiti, in matar ta haura 35 wata shida ma ya isa.

A nan ne kuma maganar ta shiga wani wuri da Malam ya tsallake gaba ɗaya. Mace mai shekara 44 za ta ga tallar wata cibiya a Sifen ko Cyprus ko Indiya da adadi mai tsoka, wanda bai yi kama da 1 cikin 20 ba ko kaɗan. Ba lallai ƙarya suka yi ba. Sau da yawa lissafin na ƙwan aro ne, wato ƙwan wata yarinya da aka zuƙo aka haɗa da maniyyin mijinki aka sa miki. Da wannan nasarar kan koma irin ta masu ƙuruciya, komai shekarun wadda za ta ɗauki cikin. A dokar Sifen da ta Indiya wannan magani ne halattacce, ba sa ganinsa cin amana, kuma ba a faɗa miki ko wace ce mai ƙwan. A Iran ma fatawar Ayatullah Khamenei ta 1999 ta buɗe wannan ƙofa da sharuɗɗanta.

Malamanmu na Sunna kuwa sun daɗe da yanke magana. Sheikh Jadul Haƙ, lokacin yana Muftin Masar, ya ba da fatawa a 1980 cewa dashen ya halatta in maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa ne, auren kuma yana nan daram. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta taɓa sassautawa a 1984 cewa kishiya na iya ɗaukar wa kishiyarta cikin, tunda miji ɗaya ne, amma a zamanta na 1985 ta janye, saboda mai ɗaukar na iya samun nata cikin a daidai lokacin, nasaba ta cakuɗe. Mu da muke da gidajen mata biyu da uku ya kamata mu san wannan. A 1986 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta haramta duk hanyar da mutum na uku ya shigo, da ƙwai ne ko maniyyi ko mahaifa. Masar da Turkiyya a kan haka suke tafiya, Turkiyya har ta hana 'yan ƙasarta fita waje neman aron tun 2010. Sai ga Malam ya jera Masar da Indiya da Turai a layi ɗaya kamar tashoshin mota, ya ce a zaɓi wadda aljihu ya kai. Mutumin da aka miƙa wa takardar yarjejeniya mai shafi da yawa cikin harshen da bai ƙware ba, tafintan da ke masa bayani kuma cibiyar ce ke biyansa, kwanakin bizarsa na ƙarewa, matarsa ta riga ta sha allurai, wannan mutum bai da ƙarfin cewa a dakata in yi tambaya.

Kada a ce na wanke gida. A kan amana Malam yana da gaskiyar da ba zan danne ba. Nijeriya ba ta da hukuma irin ta Birtaniya mai tilasta wa kowace cibiya bayyana sakamakonta, kowa abin da ya ga dama yake rubutawa a allonsa. Ƙwan aro ana yinsa a nan ma, a Legas da Abuja, duk wanda bai so sai ya buɗe baki ya faɗa tun ranar farko, a rubuce. Ga kuma 'yan damfara. A watan Nuwamban 2024 sashen bincike na BBC Africa Eye ya bankaɗo masu yi wa mata allurar kumbura ciki a jihar Anambra, su hana su zuwa awo, daga baya su miƙa musu jariran da aka sayo. Wannan abin kunya ne, kuma shi ya kamata masu alƙalami irin Malam su sa majalisa gaba a kansa.

Amma kuskure ba shi da ƙasa. A 2002 a birnin Leeds na Ingila wasu ma'aurata farare suka haifi tagwaye masu ruwa biyu, saboda an yi musanyar maniyyi a ɗakin gwaji. Bayan irin wannan ne aka tsananta dokar cewa duk inda za a taɓa ƙwai ko maniyyi sai mutum biyu sun shaida suna da lamba. Abin tambaya ke nan a kowace cibiya, ta gida ko ta waje: wa ke shaida, yaya ake yi wa kwanon lamba, mata nawa masu shekarun matata kuka yi wa bara da ƙwansu, nawa suka rungumi jariri. A lura, jariri na ce, ba gwajin da ya nuna ciki ba, don a nan ake wasa da lissafi. A gida kana iya yin tambayar da Hausa ko Turancin da ka iya, ka tafi ka kwana a kai, ka dawo da ɗan'uwanka ma'aikacin lafiya, in an cuce ka ka san ƙofar da za ka buga. Daga Kano ba a kai ƙarar asibitin da ke Chennai.

Na daɗe ina ganin cewa abin da yawancin masu tafiyar nan ke saye da kuɗinsu sutura ce, ba ƙwarewa ba. Kuma ban raina wannan ba. Garin da za ka shiga asibiti ka tarar nas ɗin 'yar ƙanwar uwar mijinki ce, ko mai karɓar kati maƙwabcin kishiya ne, kafin la'asar magana ta zaga dangi, dole mutum ya so nisa. Tambayata ita ce, asirin wa ake rufewa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, ƙasashe masu arziki da matalauta kusan kunnen doki. Likitoci kuma sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da ke fama, akwai hannun namiji a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Hangum da ya kama mutum bayan ya balaga, ciwon sanyin da ba a yi wa maganin kirki ba, kumburin jijiyoyin maraina, duk suna rage ƙwayar maniyyi ko su kashe ta, alhali mutum na jin kansa garau a shimfiɗa. Gwajin kuwa shi ne mafi sauƙi da arha a dukan harkar. Ba allura, ba yanka, ƙauracewa iyali na 'yan kwanaki ne kawai sai a ba ka ɗan kofi. Ana yinsa a asibitin Malam Aminu Kano, da Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri. Amma je ka layin likitan mata ka ƙirga mazan da suka rako. Sai ka ji ana ai ni ina da 'ya'ya da uwargida, kamar jikin mutum na shekara goma da suka wuce shi ne na yau, ko ai mu a gidanmu ba a haka. Matar ce za ta sha rubutu, ta sha jiƙo, ta yi hayaƙi, a yi mata wankin mahaifa ba dalili, dangin miji su riƙa kiranta juya a bayan ido, wataran ma a gaban ido. A yi mata kishiya, ita ma shiru. Sai a lokacin Alhaji zai yarda a tafi Masar, inda ba wanda ya san shi, kuma abu na farko da za a yi a can shi ne a miƙa masa kofin nan da ya guda tun a Kano.

A duk tsawon rubutun Malam, namiji bai fito ba sai a matsayin mai sayar da fili. Ko wannan ma ba koyaushe ba ne. Sau nawa gwal ɗin lefen matar ne ko rabonta na gado ke tafiya? In ba a dace ba ta rasa gwal, ta rasa shekaru, shi kuwa ƙofar ƙarin aure a buɗe take. In ma matsalar tasa ce, ita ke shan allurar, domin dabarar da aka ƙirƙiro a Brussels a 1992, wadda ake tsinto ƙwayar maniyyi guda a tura ta cikin ƙwai, sai an zuƙo ƙwan daga jikinta. Wannan dabara ita ma ana yinta a Abuja da Legas.

Da za a fara daga farko ma, da yawa ba za su kai ga dashen ba. Wata ƙwanta ne ba ya fita a kan kari, ƙwayoyin sha na 'yan watanni su daidaita shi. Wata sinadarin ruwan nono ne ya hau, shi ma da ƙwaya ake sauke shi. Wata ƙari ne a mahaifa da likitocinmu ke cirewa kullum. Waɗanda hanyar ƙwansu ta toshe, kuma su ne da yawa a ƙasashenmu saboda sanyin da aka bari ya daɗe, ko ɓarin da ba a kula da shi ba, ko haihuwar da ƙazanta ta shiga, ko tsargiya, su ne dashen ya fi yi wa amfani, hoton hanyar kuma a gida ake ɗaukarsa. Cibiyar da mutum ya tsallaka teku ya je mata da kuɗinsa a hannu da wuya ta ce masa koma ka sha ƙwaya.

Sai tagwayen da Malam ya yi ta yabo. Likitan da ya san baƙonsa dama ɗaya gare shi, baƙon kuma na roƙo, yakan mayar da ƙwai biyu ko uku a lokaci guda. Mu a wajenmu Hassan da Usaini abin murna ne, a wajen likitan haihuwa kuwa ciki ne mai haɗari: hawan jini, jijjiga, zubar jini, da haihuwar bakwaini. Birtaniya da gangan ta koma mayar da ƙwai ɗaya-ɗaya, ta sauko da tagwayen dashe daga kusan 1 cikin 4 zuwa ƙasa da 1 cikin 20. Matar da aka sa wa uku a waje ba a can za ta haihu ba. Jirgi za ta hau ta dawo, in naƙuda ta zo a wata bakwai a nan za a shiga neman kwalba uku da wutar da ba ta ɗaukewa, a hannun likitocin da aka ce kada a ɓata lokaci wajensu, kuma kuɗin an riga an bar shi a can.

Akwai wanda tafiyar ta kama shi, ban musa ba. Namijin da ba a ga ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsa ba, sai an yi aiki mai laushi an nemo ta a maraina, ko ma'auratan da ke ɗauke da wata cutar gado da ke buƙatar gwaji na musamman, ko waɗanda suka gwada a gida a hannu nagari abin ya ƙi. Irin waɗannan likitansu ne zai ce su tafi, ya faɗi wurin wa, ya ba su fayil ɗinsu su riƙe, ba dillali ba. Su ma kafin su biya ko sisi su tambayi makomar ragowar ƙwayayen da aka haɗa. Daskarar da su ake yi, ana biyan kuɗin ajiya duk shekara, kuma duk ranar da ake son amfani da su sai matar ta sake neman biza da tikiti, don ɗauko su zuwa wata ƙasa aiki ne mai tsada da takardu. In a tsakanin nan mijin ya rasu ko igiyar aure ta tsinke, a hukuncin malaman da na ambata ba za a mayar mata da su ba, ko da gwal ɗinta aka biya.